Gwangwanin madara a bakin kogin Neva

Jirgin ƙasan Sapsan ya kwaso ni daga Mosko, cikin awa huɗu sai ga ni a St. Petersburg, ɗan ƙanwata mai karatun likita yana jira na a tasha. Watan Yuni ne, lokacin da rana ke ƙin faɗuwa a garin. Lissafin Magariba da Isha ya rikita ni, na bar masa.

Washegari muka sauka a tashar Gorkovskaya, kusa da babban masallaci mai shuɗiyar kubba, muka taka zuwa gidan tarihin manyan bindigogi, wani jan gini mai siffar kofaton doki. Muna isa ƙofa igwar da ake harbawa kullum sha biyun rana daga ganuwar Peter da Paul ta tashi. Na zabura har hulata ta faɗi, yaron nan ya yi ta dariya.

A gaban wani akwatin gilashi mai jerin harsasai ya ce, "Kawu, ka san a garin nan aka zauna aka haramta wani harsashi?"

A 1863 sojojin Rasha suka samu harsashin bindigar hannu mai albarushi a cikinsa, wanda ke fashewa in ya bugi abu mai tauri, don tarwatsa amalanken makaman abokan gaba. A 1867 aka gyara shi yadda zai fashe ko a abu mai laushi. "Abu mai laushi, Kawu, ni da kai ke nan," in ji shi. Ya dafa cinyarsa, ya ce harsashin yau da kullum kan shige ya fita, likita ya ɗinke. Wannan kuwa ba ya barin abin ɗinkewa. Sarki Alexander II ya tsorata da abin da mutanensa suka ƙera, ya kira taron ƙasashe. Ranar 11 ga Disamba 1868 aka sa hannu: an hana duk harsashi mai fashewa ko kamawa da wuta da bai kai gram 400 ba.

Hujjarsu ita ce harsashin bindiga mutum ɗaya yake kayarwa, ya fashe ko bai fashe ba, ƙarin azabar ba ta da amfani. Ƙwallon igwa kuwa, mai kwashe mutane da yawa lokaci guda, ba wanda ya yarda ya rabu da shi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yarjejeniyar tsakanin masu sa hannu kaɗai take aiki. Ingila da Faransa da Turkiyya da Farisa suna ciki, Amurka ba ta shiga ba, daga Afirka ba kowa. A taron ƙasashe na birnin Hague, a ƙasar Holan, a 1899, da aka zo kan harsashin dum-dum mai bajewa cikin jiki, wakilin Ingila Sir John Ardagh ya kare shi, wai harsashin da aka saba ba ya tsayar da waɗanda ya kira mutanen daji. Shekara huɗu bayan wannan magana sojojinsu suka ci Kano, suka isa Burmi, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru.

Su kansu Turawan ba su daɗe a kan alkawarin ba. A 1916 da harsasai masu fashewa da masu cinna wuta matuƙan Ingila suka riƙa kakkaɓo manyan jiragen balan-balan na Jamus. A Yaƙin Duniya na Biyu, gwanayen harbi na Jamus da na Sobiyet sun harbi juna da irinsu.

Da yamma a ɗakinsa ya dafa mana shayi, ya jawo gwangwanin madarar gari da uwarsa ta ba ni in kawo masa. Na juya shi, an rubuta gram 400. Na ɗan jijjiga shi a tafin hannu, na miƙa masa.