Tsakanin Samaru da Kongo

A makon nan nake miƙa makullin ofishina bayan shekara 9 ina koyarwa a wannan sashe, kuma ina cikin kwashe tarkacen durowar ƙasa sai na ci karo da wani ƙunshin takardu wanda robar da aka ɗaure shi da ita ta riga ta narke ta manne a shafin farko. Kwafi 40 ne na wata maƙala kan rabon gadon gonaki, waɗanda aka buga domin a raba wa mahalarta wani taron masana shari'a a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, amma ko ɗaya bai shiga hannun kowa ba. Tsofaffin abokan aikina sun san labarin, ko kuma in ce sun san yadda aka ba da shi a taron sashe. Tun da tafiya zan yi, na ga ya kamata sababbin malamai su ji shi daga bakin wanda ya yi tafiyar da ƙafarsa.

Lokacin ina shekarata ta uku da ɗaukar aiki. Wata uku na yi ina zarya a kotunan shari'a na yankinmu, ina roƙon magatakarda su buɗe mini tsofaffin kundaye, har na haɗa maƙalar. Da na kai wa shugaban sashenmu na wancan lokaci domin ya duba, ya gyara waƙafi biyu ko uku, ya ɗora sunansa a sama da nawa, ni kuma ban ce uffan ba, domin duk wanda ya yi aiki a jami'a ya san ƙaramin malami ba ya gardama a kan wannan, musamman idan takardar tabbatar da shi a aiki tana kan teburin mutumin. Muka tafi Zariya tare a motarsa. Shi aka sauke shi a masaukin manyan baƙi, ni kuma na kwana a ɗakin wani abokin karatuna a Hayin Dogo, cikin sanyin hunturun Samaru wanda bargo ɗaya ba ya maganinsa.

An yi bikin buɗe taro a babban zauren taro na harabar Samaru, aka yi jawabai, aka ɗauki hotuna, aka watse da la'asar. Jakar taro da aka ba mu, wadda jadawalin zama yake ciki, tana bayan motar Farfesa, ban kuma ko buɗe ta ba. Da zai tafi liyafar dare da aka shirya wa manya, ya miƙo mini kwamfutarsa ta tagar mota ya ce, "Ka buga kwafi 40 da sassafe, mu haɗu a ɗakin taro kafin ƙarfe 10." Na ce, "To, ranka ya daɗe." Ban tambaye shi wane ɗakin taro ba, saboda a tunanina ɗakin taro ɗaya ne, wanda muka fito daga cikinsa.

Laifina na farko ke nan, kuma ba zan ɓoye shi ba. A ƙasan takardar gayyata, wadda ni da kaina na buga ta na kai masa ofis, an rubuta ƙarara cewa zaman gabatar da maƙaloli a harabar Kongo za a yi shi. Masu masaukin ba su rage komai ba. Ni ne na karanta rana da kuɗin rajista na tsaya a nan. Abin da ban sani ba a lokacin, wanda kuma duk ɗalibin aji ɗaya a Zariya ya sani, shi ne jami'ar ba a wuri guda aka gina ta ba. Da aka buɗe ta a 1962, haɗa wasu makarantu aka yi waɗanda suka riga ta zama: kwalejin fasaha da kimiyya da ke Samaru, da cibiyar binciken aikin gona da ke kusa da ita, da kuma cibiyar koyar da sha'anin mulki ta Kongo, wadda tun 1947 take horar da akawuna da ma'aikatan En'e. Kowacce ta ci gaba da zama inda take. Shi ya sa Tsangayar Shari'a take Kongo, can gefen Tudun Wada, harabar Samaru take kan hanyar Sakkwato, asibitin koyarwa kuma yake Shika. Wanda ya ce maka zai je "jami'a" a Zariya bai gaya maka inda za shi ba tukuna.

Ƙarfe 8 na safe na gama buga takardun a wani shagon fotokwafi, na rungume su a ƙirji, jakar kwamfuta a kafaɗa, na nufi zauren jiya. Na tarar da shi a kulle, ba kowa sai wani mai shara yana tattara robobin ruwa. A nan ya kamata hankalina ya tashi, amma sai na gaya wa kaina ai taron masana ba ya farawa a kan lokaci, na samu dakali na zauna. Sai da ƙarfe 9 ta gota ban ga mota ko ɗaya ba, sannan na kira Farfesa. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na miƙe na fara yawo. Na je gindin dogon benen majalisar jami'a, na zaga ta ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, na leƙa ɗakunan lacca biyu na tarar da ɗalibai suna darasi, duk ina neman wani kyalle mai ɗauke da sunan taron. Abin da ya fi ba ni kunya in na tuna shi ne na wuce masu gadi sun fi biyar ban tambayi kowa ba, don ina sanye da babbar riga da katin mahalarci a wuya, ina ganin bai dace malamin jami'a ya nuna ya ɓata a cikin jami'a ba. Kullum muna faɗin matambayi ba ya ɓata, amma girman kai yakan rufe baki daidai lokacin da ake bukatar buɗe shi.

Wani dattijon maigadi ne ya gan ni karo na biyu ina wuce shi, ya yafito ni. Na ce, "Baba, don Allah ina ake taron masana shari'a?" Ya dubi takardun da ke hannuna, ya dubi agogonsa, ya ce, "Malam, ai lauyoyi ba nan suke ba, suna Kongo. In da acaɓa za ka hau daga bakin get, da ka fi saurin isa." Ƙarfe 10 saura minti 20 a lokacin. Ban ji shawararsa ba, domin na ji tsoron iska ta watsa takardun, na shiga bas. Bas kuwa ba ruwanta da maƙalar kowa: ta tsaya a Zango, ta tsaya a Palladan, ta tsaya gaban kwalejin koyon tuƙin jiragen sama, a Kwangila kuma muka tarar da manyan motoci sun cushe ƙarƙashin gada. A PZ na sauka na hau acaɓar da na ƙi tun farko, muka ƙetare gadar Kubanni zuwa Tudun Wada. Tafiyar da mai mota yake yi cikin minti 20 zuwa 30 ta cinye mini fiye da awa guda, kuma da na shiga ƙofar Kongo sai da na ƙara ɓata wasu mintuna kafin na gano ɗakin.

Na shiga ana tafa wa mai maƙalar da ke bayan tamu. Daga baya wani malami da ke wurin ya ba ni labarin abin da ya faru. Da aka kira sunanmu, Farfesa ya hau mumbari ba takarda ba kwamfuta, ya yi minti 10 yana magana a kan gado gaba ɗaya, abin da kowane ɗalibin fiƙihu zai iya faɗi, da aka yi masa tambaya kan shari'o'in da maƙalar ta dogara a kansu kuma ya kasa amsawa, saboda bai taɓa karanta su ba. Sai ya gaya wa jama'a cewa yaron da ya aika da takardu ya shiga gari. Aka yi dariya. Yaron nan ni ne, mai aure da 'ya'ya biyu, wanda ya rubuta kowane layi na abin da aka zo gabatarwa.

Ba dariyar ce ta fi ci mini rai ba. Direbansa ya gaya mini a hanyar dawowa, lokacin da muka tsaya salla, cewa tun a liyafar dare aka tuna wa manyan baƙi cewa gobe Kongo za a koma, har aka haɗa su da motar da za ta yi musu jagora. Ya san ina Samaru, ya san ni baƙo ne a garin, yana da lambata, kuma saƙo na kalma biyu ya isa. Bai tura ba, ba kuma don mugunta ba a ganina, sai don bai taɓa tunanin cewa hanya abu ce da ake nema ba. Wanda ake buɗe wa ƙofar mota a sauke shi a bakin matakala bai san akwai Kwangila tsakanin harabar nan biyu ba. Wannan uzurin da na yi masa ya tsaya a safiyar ranar kawai. Abin da ya biyo baya da saninsa ya yi shi: takardar tuhuma kan sakaci da zubar da mutuncin sashe, da karanta ta a gaban malamai a taron wata, sannan da kundin taron ya fito bayan shekara guda na buɗe na ga maƙalar da suna ɗaya. Na amsa tuhumar da ladabi, na amince da nawa kason, ban ambaci nasa ba, domin wani dattijo a sashen ya ja ni gefe ya ce in bari in samu tabbaci a aiki tukuna. Na samu. Har yau ban tabbatar ko shawarar ta yi mini amfani ko ta cuce ni ba.

Tun daga ranar ban ƙara zuwa taro ban karanta takardar gayyata har layinta na ƙarshe ba, kuma tambayata ta farko ita ce wace haraba, kafin in tambayi wane ɗaki. Wannan ta cece ni a Kano, inda tsohuwar harabar Jami'ar Bayero take kusa da ganuwar birni, sabuwar kuma take can kan hanyar Gwarzo, ta kuma cece ni a Sakkwato, inda mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yake bayan gari. Ina isa da kwana guda a gaba in taka hanyar da ƙafata daga ƙofa zuwa ɗakin, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ina tambayar masu gadi da 'yan acaɓa, ba manyan malamai ba, kuma ina tambaya da sunan da mutanen wurin suke kiran ginin, wanda sau da yawa ba shi ne aka rubuta a jadawali ba. Lambar da nake fara karɓa ita ce ta ƙaramin malamin da ke zaune a teburin rajista, da ta direban duk wanda muka zo tare. Idan zama ya faɗo ranar Juma'a, ba na barin haraba tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe 3. Ba na kuma riƙe wa kowa kwamfuta.

Da shugabancin jarrabawa na sashe ya zo hannuna, kuma aka fara tura ni taruka tare da ƙananan malamai, na ɗauki al'adar tura musu sunan haraba da na ɗaki a rubuce tun daren ranar, ko da na san sun sani. Wasu suna ganin ƙaƙale ne, ɗaya ma ta taɓa ce mini, "Malam, ai a nan na yi digirina." Na ce mata ta yi haƙuri da ni. Maƙalar da duk muka rubuta tare kuwa, wanda ya je kotu ya kwafo shari'o'in shi ne sunansa yake fara zuwa, kuma shi yake hawa mumbari.

Kwafi 40 ɗin nan na rasa inda zan sa su a takardar miƙa aiki, tun da ba kayan sashe ba ne. Da kuɗina na buga su, ba a kuma taɓa mayar mini ba. Jiya da yamma na zare guda ɗaya na sa a jakata, saboda shi kaɗai ne shaidar da ta rage cewa sunana ya taɓa zama a kan maƙalar. Sauran 39 na kai wa mai ƙosan bakin ƙofa, ta juya su ta ce takardar tana da kauri, za ta riƙe mai.