Jirgi mai tashi a hankali

Jiya na kai wa Gwaggo magani a ƙauyensu, can wajen Lawanti, inda filin jirgin saman Gombe yake. Muna zaune kan tabarma a gindin darbejiya sai jirgin Abuja ya tashi. Jikarta da ke barci a goye ta zabura ta fashe da kuka, kaji suka watse, Gwaggo kuma ta dafa kunne ta ce, "Ɗana, kullum haka muke."

Abin ya tsaya mini a rai. Ashe tun 1975 kamfanin de Havilland na Kanada ya tashi jirgin Dash 7, mai injina huɗu da manyan farfela masu juyawa a hankali, don a rage ƙara. Da shi aka fara jigila a filin jirgin saman London City a 1987, a tsakiyar unguwanni. Sirrin shi ne, bakin farfela in ya kusa gudun sauti, nan ƙarar take tashi. Jirage irin A220 na yau ma, giya ce irin ta mota ke rage wa fankar injinsu gudu.

Tafiyarmu zuwa Abuja gajeriya ce. Wallahi irin waɗannan nake fatan gani suna sauka a Gombe, yarinyar nan ta samu barcinta.