Sunan Yayana a Haƙarƙarina

Ina da shekara 23 yayana ya rasu. Da safe muka rabu lafiya, kafin magariba aka kira ni a waya aka ce hatsarin mota. Sati uku bayan nan na kwanta a gadon mai zanen jiki, na ɗaga riga, na ce ya rubuta mini sunansa da ranar rasuwarsa a haƙarƙarin hagu, daidai inda nake jin wani abu ya tokare ni dare da rana. Ban shawarci kowa ba. Ƙannena, yau shekara 11 ke nan, kuma na ga da yawanku na sha'awar wannan zanen da ake kira tatu. Shi ya sa zan faɗa muku abin da ya same ni dalla-dalla, har da wanda nake jin nauyin faɗa.

Kuskurena na farko ma tun ban shiga ɗakin ba na tafka shi. Ina tsoron allura, kuma an gaya mini haƙarƙari na cikin wuraren da suka fi zafi, tare da idon sawu da gadon baya da yatsu, domin fatar wurin ba ta da kauri kuma ƙashi na kusa. Sai na sayi man shafawa mai kashe zafi ta intanet, ban ko duba ƙarfinsa ba. Na lafta shi tun daga hammata har ƙugu, na naɗe jikina da leda kamar yadda na ga wani ya yi a bidiyo, na bar shi awa biyu. Na ƙara da ƙwayar asfirin guda biyu, wai don ta taimaka.

A hanya na fara jin jiri. Kunnena na ƙara, leɓena ya yi nauyi, bakina kamar na tsotsi ƙarfe. Na ɗauka fargaba ce. Sai bayan shekaru wata likitar fata ta gaya mini cewa waɗannan su ne alamomin farko na maganin lidoken, wanda ke cikin irin wannan man, idan ya yi yawa a jini, kuma abin da ke biyo baya shi ne farfaɗiya da rikicewar bugun zuciya. Leda tana riƙe zafi, ta sa fata ta sha maganin fiye da kima, balle in wurin da aka shafa yana da faɗi. A 2007 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi bayan mutuwar wasu mata biyu, ɗaya mai shekara 22 ɗaya 25, waɗanda suka shafe ƙafafunsu da irin wannan man suka naɗe da leda kafin a cire musu gashi da na'urar leza. A 2024 hukumar ta sake jan kunne kan mayukan da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba, waɗanda lidoken ɗinsu ya wuce kashi 4 cikin 100. Ni Allah ne Ya sa ina da sauran kwana. Da mahaifiyata ta binne ɗa na biyu a wata ɗaya.

Asfirin kuma tana hana jini daskarewa. Haka mutumin ya yi ta goge jini yana zane, tawada na fita tare da jinin, har wasu haruffa suka fito a dusashe. Giya ma haka take yi, ga wanda ke sha. Duk wanda zai fuskanci allura, ko ta mece ce, ya tambayi likita ko mai harhaɗa magunguna kafin ya haɗiyi wani abu ko ya shafa. Wannan ba ya cin minti biyar.

Amma abin da ya fi ci mini rai ba wannan ba ne.

Bayan kamar minti 40 man ya sake ni, zafin ya zo gaba ɗaya. Injin zanen yana soka allura cikin fata zurfin milimita 1 zuwa 2, sau ɗaruruwa ko dubbai a minti guda. Na cije leɓe, gumi na zuba, sai kuma na lura da wani abu: karon farko cikin sati uku ban ga fuskar yayana a idona ba. Kaina ya yi shiru. Babu "da na hana shi fita", babu "me ya sa ban ɗauki wayarsa ta ƙarshe ba". Raɗaɗin fata ya cika ko'ina, bai bar wa na zuciya wurin zama ba. Da na tashi sai na ji jikina sakayau, na koma gida na yi barcin da rabona da shi tun ranar jana'iza.

Wannan ba sihiri ba ne. Idan jiki ya ji rauni yakan saki wasu sinadarai nasa na kansa, adirinalin da endofin, masu dusashe zafi su kuma kawo wani irin natsuwa. Ga shi hankalin ɗan Adam ba ya iya riƙe ciwo biyu da ƙarfi ɗaya a lokaci guda. Sabo mai kaifi yakan danne tsoho. Sauƙin gaskiya ne, ba zan ƙaryata shi ba. Sai dai na aro ne. Kwana huɗu ya yi mini. Rana ta biyar na farka da abin nan a tokare kamar yadda na bar shi, ga kuma haƙarƙari a kumbure yana ƙaiƙayi.

Na koma. Cikin wata bakwai na koma sau uku. Kowane zuwa da dalilin da nake ba kaina: wannan agogon da yake ɗaurawa ne, wannan kalmar da yake yawan faɗa ce. Ƙarya nake yi wa kaina. Zane na huɗu ko ma'anarsa ban tsaya ƙirƙira ba, na nuna wani abu a bango na ce a yi mini. Allurar nake nema. Kuma a lokacin na daina shafa mai, domin zafin shi ne abin da na je saye. Idan ɗayanku ya tsinci kansa yana neman zafi a jikinsa don zuciyarsa ta huta, ta kowace hanya ce, to ina roƙonsa ya gaya wa wani babba da ya yarda da shi, ko ya je wurin likitan da ke duba damuwa. Ni na ɓata shekara biyu kafin na yi haka, kuma a zama na uku da likitan na yi kukan da ya kamata in yi tun ranar farko.

Ba ni na fara haɗa zanen jiki da neman sauƙi ba. A 1991 aka tsinci gawar wani mutum cikin ƙanƙara a duwatsun Alps, kan iyakar Italiya da Ostiriya, wanda ya mutu kimanin shekara 5,300 da suka wuce. Ötzi ake kiransa. An ƙirga zane 61 a jikinsa, 'yan layuka da gicciye da aka yi da baƙin gawayi, yawanci a ƙasan baya da gwiwa da idon sawu, wuraren da aka ga gaɓɓansa sun lalace. Shi ya sa masu bincike da yawa ke ganin magani aka yi masa ba ado ba. Ranar da na karanta labarinsa na daɗe ina kallon hoton. Shi aƙalla a kan gaɓar da ke ciwo aka yi masa. Ni nawa ciwon ba a inda allura ke kaiwa yake ba.

Sai maganar ma'ana, wadda da ita ce ake rinjayar yawancinmu. Cibiyar bincike ta Pew a Amurka ta gano a 2023 cewa kashi 32 cikin 100 na manyan ƙasar suna da zane aƙalla ɗaya, kuma cikin masu shi kashi 69 sun ce sun yi ne don tunawa da wani ko girmama wani abu. Kashi 24 kuma sun ce suna nadamar ɗaya ko fiye. Ban raina wanda ya rubuta sunan mahaifiyarsa ko ɗansa a jiki ba, na san daga inda abin yake fitowa. Abin da ban sani ba a shekara 23 shi ne cewa abin da mutum ke nufi da alama yana canzawa, alamar kuwa tana nan inda aka sa ta. Ni ranar mutuwarsa na zaɓa. Yayana ya yi shekara 29 a duniya. Shi ya koya mini keke, shi ya riƙa rufa mini asiri a gida, shi ya biya mini kuɗin jarrabawa daga albashinsa na farko. Duk na bar waɗannan na ɗauki rana ɗaya, mafi muni, na manna a jikina. Duk wankan da zan yi sai na karanta ta. Mai makoki na sati uku ba ya ganin komai sai ranar nan, kuma shi na bari ya yanke wa mai shekara 34 hukunci.

Fiye da shekara na ɓoye wa mahaifiyata. Wata rana zazzaɓi ya kwantar da ni tana goga mini ruwa, ta gani. Ba ta yi faɗa ba. Ta sa yatsa ta bi haruffan sunan a hankali, ta ce, "Da addu'a ka yi masa, da ta same shi. Wannan kai kaɗai ya sama." Ta ci gaba da goga ruwan. Na san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya la'anci mai yin zanen da wadda ake yi wa, na kuma san a kansa mafi yawan malamai suka haramta shi. Na sani tun kafin na je, baƙin ciki ne ya toshe mini kunne. Wani abokina Kirista ya nuna mini Littafin Firistoci 19:28, inda aka hana tsaga jiki saboda matattu da yin zane a kai. Na yi mamakin ganin an ambaci matattu a wurin ƙarara. Kowa ya san abin da ya yi imani da shi. Abin da nake cewa, a auna wannan tun ana da zaɓi, kada a bari sai tawada ta bushe.

Akwai kuma abubuwan da na tsallake ba da wayona ba. Ban duba ko an buɗe sabuwar allura a gabana ba, alhali kayan da ba a tsabtace ba suna ɗaukar ciwon hanta nau'in B da C daga jiki zuwa jiki. Na yi gwaji daga baya, na fita lafiya, amma kwanakin jiran sakamakon ba na fatan su ga kowa. Ban san cewa mu masu baƙar fata mun fi saurin yin tabo mai tudu ba, irin wanda ke girma ya wuce inda aka ji ciwon. Zane na uku ya bar mini irinsa a kafaɗa, har yau yana ƙaiƙayi in na yi gumi. Jar tawada kuma ita ta fi tayar wa mutane da borin fata, wani lokaci bayan shekaru.

Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, dubu ba ta fitar da shi. Dalilin da zanen ba ya gogewa shi ne, sojojin jiki suna ɗaukar tawadar a matsayin baƙuwa su haɗiye ta, amma ƙwayoyinta sun fi ƙarfin su narkar, sai su zauna da ita a cikin fata. Wani bincike da aka yi a Faransa a 2018 ya nuna cewa in waɗannan sojojin suka mutu suka saki tawadar, sababbi ne ke zuwa su sake haɗiye ta a wurin. Wani kaso nata kuma yana tafiya ya taru a kaluluwa. Na'urar leza tana farfasa ƙwayoyin ne su zama ƙanana yadda jiki zai iya kwashe su, kaɗan-kaɗan, shi ya sa ake yi zama-zama da tazarar sati 6 zuwa 8 ko fiye. Baƙar tawada ta fi sauƙin fita, kore da rawaya suna da taurin kai. A fata irin tamu kuma sai an yi hattara, domin na'urar na iya cin launin fatar tare da tawadar ta bar fari-fari. Akwai irin lezar da ta fi dacewa da mu, kuma likitan fata ne ya san ta, ba kowane mai shago da ya sayi inji ba. Zanen farko awa biyu ya ci. Cire shi zuwa yanzu ya ci mini shekara biyu, da kuɗin da ya ninka na yin sa sau da yawa, da zafi kamar ana watsa mini tafasasshen mai, kuma wannan zafin babu wani shiru da ya kawo mini a kai.

Idan abin ya kama ɗayanku, ga abin da na so a ce wani ya gaya mini. Ka rubuta abin da kake so a zana a takarda, ka sa kwanan wata, ka ajiye shekara guda cur. Kada ka yanke shawara kana cikin makoki, ko sabuwar soyayya, ko fushi. A cikin shekarar ka nemi mutum ɗaya ka gaya masa dalilinka da baki, ka ji yadda yake fita. Ni da na faɗa wa ko da ƙanwata ce, da ta tambaye ni me ya sa ranar mutuwa, da ban sami amsa ba.

Likitar fatar ta tambaye ni wanne za mu fara cirewa, na ce lambobin. Sun tafi, sai wata inuwa da ba ka ganinta sai a hasken rana. Sunan ma ya kusa. Yayana ya bar ɗiya, tana wata biyar lokacin da ya rasu, yanzu ta kusa gama firamare. Duk ƙarshen mako nakan je in ɗauke ta, kuma kwanan nan na fara koya mata keke. Tana tambayata yadda babanta yake dariya, ni kuma ina gwada mata.