Ƙofar bayan jif ɗin Alhaji

Laraba, Garwa.

Yau mota ɗaya ta cinye min yini. Tun ƙarfe takwas da rabi Alhaji ya shigo gareji da jif ɗinsa, irin na hannu ɗin nan da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Duwala, mai ƙofar baya da ke buɗe kanta in an danna rimot. Yanzu in an danna sai ta yi ƙara, ta ɗaga kamar kamu ɗaya, ta tsaya cak. Wata rana kuma ta buɗe lafiya lau kamar ba ita ba.

"Malam, an ce min injin ƙofar ne ya mutu, sai an aiko da wani daga Duwala."

Na ce, "Alhaji, a bar min ita zuwa la'asar. Kada a sayi komai tukuna." Injin da ya mutu ai ba ya tashi ran Juma'a ya kwanta ran Asabar.

Na fara da masu sauƙi. Batir ya ba ni volt 12.5 mota a kashe, 14.1 tana aiki, ba laifi. Giya tana kan P, wato fakin. Na duba maɓallin nan na gefen direba da ke hana ƙofar aiki da wuta, don ba sau ɗaya ba an kawo min mota ashe yara ne suka danna shi. Fiyus kuwa ban yarda da ido ba, na sa kwan gwaji a ƙafafunsu biyu, duk suna da wuta.

Yarona ya ce, "Maigida, to me ke tsayar da ita a hanya?" Na nuna masa. Sandunan da ke ɗaga ƙofar akwai ƙaramin inji a ciki, da sensa mai ƙirga juyinsa. A gefen ƙofar hagu da dama akwai wata roba doguwa mai waya a ciki, wadda in ta matse hannun mutum take sanar da akwatin da ke sarrafa ƙofar. Sai makullin ƙasa, shi ma da nasa injin da ƙananan maɓallai masu faɗin ko a rufe yake ko a buɗe. Akwatin nan matsoraci ne, kuma da gangan aka yi shi haka. Da ya daina jin ɗaya daga cikinsu sai ya tsayar da komai, don bai sani ba ko kan yaro ne a wurin.

Daga nan na ɓata awa biyu, kuma laifina ne. Na cire murfin cikin ƙofar na tarar da makullin ya sha ƙurar hunturu ta haɗu da tsohon giris ta zama kamar kunu. Na ce shi ke nan, ga ɓarawon. Na wanke, na sa sabon giris, ƙofa ta buɗe sau uku a jere, har na fara murmushi. Na huɗu ta tsaya inda ta saba. Lokacin rana ta take, zafin Afrilun Garwa ya haura 40, ƙarfen motar ba ya taɓuwa.

Bayan azahar na koma kan wayoyi. Duk wayar da ke shiga ƙofar ta cikin wata roba mai lanƙwasa take bi, can sama tsakanin rufin mota da ƙofa. Na auna su ɗaya bayan ɗaya da mita, na'urar gwajin wuta mai kuka in waya ba ta yanke ba, tana ta kuka, wai duk a haɗe suke. Na bar ta maƙale a wayar robar gefen hagu na juya neman sukundireba, sai yaron ya sauke ƙofar da hannu don ta yi masa inuwa. Kukan mita ya yanke. Ya ɗaga, ya dawo. Muka kalli juna.

Da na zame robar nan mai lanƙwasa, wayar a ido lafiyayya ce. Na ja ta da yatsa biyu sai ta miƙe kamar cingam: jan ƙarfen ciki ya karye, bawon ne kawai ya riƙe, bakunan suna taɓa juna in ƙofa tana zaune, su rabu in ta motsa. Kusa da ita wayar mas, wadda ke komawa jikin mota, bawonta ya tsage, sili ɗaya ya rage. Ita ma mita cewa ta yi lafiya, don wutar da mita ke turawa ba ta taka kara ta karya ba, sili ɗaya ya ishe ta. Na ɗaura kwan fitilar gaba mai wat 55 ta kanta, wanda ke jan fiye da amfiya 4, sai ga shi ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Na sa yaron ya maimaita gwajin da hannunsa sau biyu.

Ban haɗa su a inda suka karye ba. Dalma tana sandarar da waya, in ka sa ta a wurin lanƙwasa wata uku ya yi yawa. Na yanke kamar kamu biyu, na sa sabuwar waya mai laushi, mahaɗi ɗaya a cikin rufi, ɗaya a cikin ƙofa. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, sai a garwashin mai shayin bakin gareji na gasa ƙarfen dalma. Da na mayar da kan batir na rufe ƙofar da hannu har makulli ya ja ta, don akwatin ya sake gane inda rufe yake. Na danna sau goma sha biyar, ba ta yi gardama ba.

Alhaji ya zo bayan la'asar, na damƙa masa guntayen wayar a tafin hannu. Ya juya su, ya ce, "Wannan ɗan abin?" Ya biya bai nemi ragi ba, har ya ba yaron sefa dubu na shan ruwa.

Robar mai lanƙwasa kanta ta tsage, ban samu irinta ba, na naɗe da tsohon tib na babur. Na gaya masa ya dawo kafin ruwan Mayu ya sauka, in ba haka ba ta nan zai bi ya shiga rufin. Gobe da safe zan zaga wajen masu kayan tsofaffin motoci ko a dace.