Me ya sa Cessna ke karkata hagu a FlightGear?

Kusan duk wanda ya sauke FlightGear, manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama a kwamfuta, ya hau ƙaramin jirgi Cessna 172P a karon farko kukansa ɗaya ne: da ya ƙara wuta sai jirgin ya bar tsakiyar titi ya nufi ciyawa ta hagu. Wasu har su ce manhajar ce ta lalace. Lafiyarta ƙalau. Farfelar jirgin tana murɗa iska, iskar ta kewaye jikinsa ta bugi jela ta gefen hagu, sai hanci ya karkata. Haka jirgin gaske yake yi, kuma JSBSim, wanda ke lissafin motsin wannan jirgi, bai ɗauke wa kowa wannan wahala ba.

Maganin yana jela. Ka tada injin da Autostart, ka saki birki da Shift+B, ka riƙe Page Up har wuta ta cika. Hanci na fara zamewa ka riƙa taɓa Enter na ɓangaren lambobi a kibod, shi ke juya jela dama, 0 kuma hagu. A taɓa kaɗan-kaɗan. Wanda ya danne shi zai tsinci kansa a ciyawar dama. Idan allurar gudu ta kai knot 55 (ma'aunin gudun jirgi) ka ɗaga hanci a hankali, ka hau da 75. Mai gaggawar ɗagawa fukafukai za su rasa iska, jirgin ya dawo ƙasa.

Ka gwada saka DNKN, filin Malam Aminu Kano, ka kunna yanayin gaske na METAR (rahoton yanayi na filayen jirgi) da tsakar ranar Afrilu. Zafi na sa iska ta yi sako-sako, injin ya rage ƙarfi, za ka ga ka ci titi sosai kafin tayoyi su bar ƙasa.

Abin da ya fi burge ni shi ne tun 1997 'yan sa-kai ke riƙe da aikin FlightGear a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ke ba kowa damar amfani da manhaja da gyara ta, ba a biyan ko kwabo. Taswirar ƙasa wani ɓangare na manhajar mai suna TerraSync ke sauko da ita kana tafe, don haka tana cin data. Gine-gine da hanyoyi kuwa daga OpenStreetMap, taswirar intanet da jama'a ke zanawa, ake ɗebo su, wanda ya zana unguwarsu a can ya taimaka.

In za ka shiga tashi tare da jama'a ta intanet, sunan kiranka kada ya wuce harafi 7. Kuma ka fara daga wurin ajiye jirage, kada ka bayyana a tsakiyar titi wani na shirin sauka.