Ƙannena masu zuwa karatu Erzurum, ku ji wannan kafin dusar ƙanƙara ta sauka

Duk wanda ya samu gurbin karatu a Erzurum, da sanyi za a fara tsoratar da shi, kuma ba ƙarya aka yi masa ba. Garin yana gabashin Turkiyya, a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,900, ga tsaunin Palandoken yana leƙo shi, ƙololuwarsa ta haura mita 3,000. A watan Janairu da dare ma'auni kan sauka digiri 20 ƙasa da sifili, wani lokaci har 30. Albarkacin wannan dusar ne aka kawo gasar wasannin hunturu ta jami'o'in duniya garin a 2011. Sai dai duk wahalar da na sha a can, dabarun maganin sanyi da na taho da su daga gida ne suka jawo mini ita.

Na kama haya a wani tsohon gida saboda araha, irin wanda ake ɗumamawa da murhun kwal mai bututu, wanda suke kira soba. Na yi abin da kowa ke yi a hunturunmu: na toshe duk wata kafa ta taga da tsumma, na cika murhu da kwal, na ja bargo. Da asuba na farka kaina kamar zai tsage, ga jiri, ga tashin zuciya. Wai ni a tunanina zazzaɓin cizon sauro ne, a garin da ko sauro ɗaya ba ya rayuwa a wannan sanyi! Wani dattijo maƙwabcina da bai gan ni a masallaci ba ne ya ƙwanƙwasa ƙofa, yana shigowa ya bankaɗe taga ya fitar da ni waje. Iskar gubar da kwal ke fitarwa ba ta da wari, ba ta da launi. Idan dusa ko baƙin hayaƙi ya toshe bututu, ko iska mai ƙarfi ta mayar da hayaƙin ciki, sai ta taru a ɗaki ta kashe mutum yana barci. Kada ku ƙara kwal dab da kwanciya. Ku sa a share bututu kafin sanyi ya kama, ku sayi ɗan na'urar nan mai ƙara idan gubar ta taru. Ko gidan da ake ɗumamawa da gas kuka kama, akwai wata ƙaramar kafa da ake bari a taga don shigar iska; komai sanyin da ke shigowa ta nan, kada ku liƙe ta. In ku biyu a ɗaki kuka ji ciwon kai lokaci guda, ku fita tukuna, sannan ku kira lambar gaggawa ta 112.

Sai tafiya a titi. Mu mun saba in iska ta taso mu raɓa jikin bango. A can bakin rufi ne ke ɗauke da ajali: tsinin ƙanƙara kan yi tsiro a bakin indararo, wani ya fi tsawon hannu, kuma da rana ta ɗan fito sai ya saki, wani lokaci tare da dusar rufin gaba ɗaya. Ɗaya ya taɓa tarwatsewa a gabana, tsakaninmu bai fi taku ba. Ku lura da 'yan gari, za ku ga suna barin gefen gini suna bin tsakiya. Ku gajarta taku, ku fitar da hannu daga aljihu, ku sayi takalmi mai ƙasan roba mai haƙora. Takalmin gayu ku ajiye shi sai Mayu.

Alwala ma tana da nata darasin. Na taɓa fita da hannu a jiƙe ba safa, kafin na isa aji yatsuna sun yi fari sun mutu. Na garzaya na tara su a ruwan zafi, da yake ba sa ji, sai da fatar ta sale. Ruwa mai ɗumi kamar na wankan jariri ake sawa, ba a murzawa, ba a kuma gasawa a wuta. Ku goge jiki ya bushe kafin ku fita. Dattawan garin huffi suke sawa su yi shafa, ku tambayi malami hukuncinsa ku huta.

Hukumar hasashen yanayi ta ƙasar tana fitar da gargaɗi mai launi: rawaya, ruwan lemo, ja. Ranar da aka yi guguwa, motocin kwashe dusa manyan tituna suke fara buɗewa, hanyoyin ƙauye da na tsauni kan kwana a rufe. Kada abokai su ja ku yawon hoto a bayan shingen filin wasan tsauni. A Fabrairun 2020, a hanyar Bahcesaray ta lardin Van da ke gabashin ƙasar, dusa ta zabtaro ta binne mota, washegari ta sake zabtarowa kan masu aikin ceto, mutum fiye da 40 suka rasu. In mota ta maƙale da ku, ku zauna ciki, ku riƙa share dusar da ke bakin salansa.

Idan za ku tafi hutun tsakiyar shekara, kada ku kashe na'urar ɗumama gida gaba ɗaya don tsimi kamar yadda na yi. Ruwa ya daskare a bututu ya fasa shi, ya sauka gidan ƙasa, kuɗin gyaran ya cinye mini kuɗin abincin zangon karatu guda. Ku bar ta a mafi ƙarancin zafi, ku ba maƙwabcin da kuka yarda da shi makulli ya riƙa leƙawa.