Takalmin da ɗan yayana ya mayar abin dariya

Jiya da daddare na tarar da ɗan yayana a zaure da abokansa, yana ɗora murya a kan wani yanki na Asuran, fim ɗin jarumin Indiya Dhanush na 2019. Wurin da aka tilasta wa wata yarinya ta ɗora takalminta a ka ta zaga gari. Ya sa mata muryar mai tallan awara, suna ta ƙyaƙyata. Na ce, "Kai, ka san laifin da ta yi?" Ya ce, "Baffa, ai barkwanci ne kawai."

Laifinta shi ne ta sa takalmi. 'Yar Dalit ce, mutanen da ake yi wa kallon ƙasƙantattu tun daga haihuwa, kuma masu gonakin garin ba su yarda irinta ta taka ƙasa da takalmi a gabansu ba. Zuciyata ta tafasa, amma bakina ya yi nauyi, domin a wurina ya koyi sana'ar.

Shekara shida na yi ina fassarar finafinan Indiya a wani ɗan ɗaki a Kano. Na yaren Tamil na kudancin Indiya su ne suka fi tafiya, saboda faɗa. Ko kalma ɗaya ba na ji. Rubutun Turancin da ke ƙasa nake bi, inda babu in ƙirƙira. Duk baƙin mutumin da ya fito, na laƙaba masa "gawayi" ko "gindin tukunya". Jaruma kuwa fara ce sol, sau da yawa daga Mumbai aka ɗauko ta, har da Baturiya Amy Jackson da ta fito da Vijay a fim ɗin Theri, ni kuma in yi ta zuba mata kirari. Ban taɓa tambayar kaina ina matan Tamil masu irin fatata suka shiga ba.

To, amma a yi mini adalci. 'Yan kasuwa dariya suke saye, ni kuma ina da cefane a wuya. Wa ya taɓa yi mana bayani? Sai dai wannan uzurin bai kai ga fim ɗin Kaala ba. A 2018 darakta Pa. Ranjith ya sa wa jarumi Rajinikanth baƙaƙen kaya a unguwar talakawa ta Dharavi da ke Mumbai, ya sa wa azzalumin farare tas, da gangan ya juya lissafin. Ni na zo na yi wa baƙaƙen kayan ba'a. Daga baya wani ɗalibi da ya yi karatu a Chennai ya fayyace mini, na kwana ban runtsa ba.

Mu da a garinmu ake hana ɗan mahauta ko ɗan wanzamai aure saboda "asali", ya kamata mu fi kowa gane wannan ciwo.

Na so in ba ku shawarwari da yawa, ku matasa, amma ba ku da haƙurin sauraro. Minti ɗaya kun matsa gaba. Abin da ba ka gane ba, kada ka ɗora masa murya. Ka bar fassarar ma gaba ɗaya. Ko kuwa a'a, kada ka bari, gara kai da wani jahili ya karɓe. Amma ka kalli fim har ƙarshe, ka bincika, ga intanet a hannunka wadda mu ba mu samu kamar haka ba, kuna ɓata ta a kan rawa.

Da safe na duba shafinsa. Bidiyon yana nan, bai goge ba. Yau zan zaunar da shi mu kalli Asuran daga farko, ko yana so ko ba ya so.